Badaru da Gado Mai Bene

Har gobe a kasuwar Gwaram akwai masu rantsuwa cewa Badaru direba ba ya barci a kwance. Wai tun da ya je Turai aka canja masa ƙashin baya, a tsaye yake barci kamar doki, matarsa A'i sai dai ta jingina shi da bango ta lulluɓe shi da zane. Ƙarya ce. Ni Ɗan'auta ɗan gwaggonsa ne, tare aka yi mana kaciya, na kuma sha ganinsa shame-shame a gindin ɗorawa yana munshari har awaki na canja inuwa. Gaskiyar ita ce a Turai ɗin ne kawai bai kwanta ba. Ragowar ni na ƙara.

Badaru daga karen mota ya fara har ya kama sitiyari. Ba ya tsoron ramin hanya, ba ya tsoron ɗan sanda. Abu ɗaya ke kashe masa gwiwa: surukinsa, Malam Abdulsalami, tsohon malamin firamare na Birnin Kudu. In ya hango shi, ko yana kan gada ne sai ya sauko ya durƙusa. Bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba.

Bayan an koma tuƙi hannun dama, kuɗin mai ya fara yawo, wani Alhaji ɗan kwangila ya sayi Fijo a Beljiyam, ya ce a tuƙo masa ita ta hamada. Malam zai yi Turanci, Badaru zai yi tuƙi. Guzurin da aka ba su, in ka gan shi sai ka ce Kano za su. A tasha A'i ta ja mijinta gefe.

"Maigida, motar ta Alhaji ce. Baba nawa ne. Ka dawo mini da shi."

Suna sauka daga jirgi a Beljiyam sanyi ya kama ƙirjin Malam. Murya ta tafi, Turanci ya bi ta. Neman masauki ya faɗo kan mutumin da ko a Hausa kalma biyar ke isarsa wuni.

A garinmu baƙo zaure yake nema, ya yi sallama, a kawo tabarma da ruwa. Haka Badaru ya yi. Ya tsaya ƙofar gida ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ya ce masu gidan ba sa son baƙi, ya ja mota gaba, Malam na tari a kujerar baya. Na tabbata rabin Beljiyam ta sha sallamarsa. Otal mai kafet kuwa, mai gadin ma ya fi Alhaji ado, Badaru bai ko taka matakala ba. Wata tsohuwa ta nuna musu ɗaki mai kyau, sai ga karenta ya riga su hawa gado, ya lashi hannun Malam. Suka fito.

Wani mai sayar da fetur ne ya nuna musu gidan kwanan samari matafiya. Araha, ga wani ƙarfe a jikin bango mai fitar da zafi. Badaru ya dafa shi ya ji kamar murhun innarsa. Daga ranar nan, da haka yake zaɓen masauki: ya shiga, ya wuce mai gida, ya dafa ƙarfe. In da ɗumi, ya ɗauko Malam.

Sai dai gadajen masu bene ne, ɗaya bisa ɗaya. Aka ba su biyu. Malam ba shi da ƙarfin hawa sama, ya kwanta a ƙasa. Saura na sama.

To, jama'a, ku gaya mini. Mutum ya taka tsani, ya miƙe ƙafa bisa kan uban matarsa?

Ya ce zai kwana a mota, sai ya tuna ba mai sauraren numfashin Malam. Ya ce zai kwanta a daɓe, ga bargonsa da kwat ɗinsa duk suna jikin Malam, daɓen kuwa ƙanƙara. Yana cikin wannan sai wani saurayi mai gashi har kafaɗa ya ga gado ba kowa, ya ɗora ƙafa kan tsani. Badaru ya riƙe tsanin.

"Baba ne," ya ce, yana nuna ƙasa.

Saurayin ya yi yarensa, Badaru ya yi nasa, tsani dai bai saku ba. Malam ya buɗe ido, da ɗan abin da ya rage na murya ya ce, "Badaru, hau ka kwanta."

"Ai na ƙoshi da barci, Baba."

Haka ya wayi gari a tsaye, goshi a jikin tsani. Haka a gari na gaba, haka har ƙarshen Faransa. Yakan nemi citta da kanumfari, a miƙo masa burodi. Ya tambayi asibiti da hannu, a nuna masa gidan waya. Ba abin da ya iya sai ya ɗumama tafinsa a jikin ƙarfe ya dafa ƙafafun tsohon, da safe kuma ya tuƙa kudu, inda aka ce rana take. Ya ce mini bai ga Turai ba. Madubin mota ya gani, da fuskar Malam a ciki.

Sai da suka haye teku rana ta gasa Malam muryarsa ta dawo. Ya iso Birnin Kudu a rame, da tarin da bai rabu da shi ba, amma da ƙafarsa ya shiga gida.

Ran kasuwar da ta wuce na tarar da Badaru a rumfar mai shayi, mutane cike.

Na ce, "Dokin Turai! A kawo maka kujera, ko turke?"

Bai ko ɗago ba. Ya hura shayinsa.

"Ni an ba ni suruki, na dawo da suruki. Kai da surukarka ta aike ka Zandam da akuya, igiya ka kawo mata."