Saiwar da Ban Tono Ba

Lokacin da nake digiri na biyu a College Park, kan tsirran hamada, ina zaune ne a Upper Marlboro, gidan wata aminiyar mahaifiyata da nake kira Inna. Sana'arta haɗa turaren wuta. Duk Juma'a sai ta turara min kayana ba tare da na roƙa ba.

Da na dawo daga zuwana na farko wani gandun gwamnati a hamadar yammacin ƙasar, na ba ta labarin furanni ƙanana, rawaya da shuɗi, da ke rufe yashi bayan an yi ruwa, su bushe kafin mutum ya ƙoshi da kallo. Na kuma ambaci wani ɗan itace mai ganye da danƙo, wanda in ka hura masa numfashi sai ka ji ƙamshin ruwan farko na damina.

"In za ki koma, tono min saiwarsa," in ji ta. "Tsarabata ke nan."

"Inna, an hana. Ko fure ba a tsinka."

"Wa ya hana? Shi ya shuka?"

Na yi mata bayani iya iyawata. Izinin da aka ba ni na aune-aune ne da ɗaukar hoto kawai. In aka kama ni za a iya janye shi, bincikena ya mutu. Kuma itacen nan, in ban yi kuskure ba, ya girmi kakanninmu, ga shi ba ya saurin tofowa.

Na koma, na dawo mata da hotuna. Ko kallonsu ba ta yi ba. A wajen wani suna a Manassas, ina zaune, ta ce wa mata, "'Yata ta je daji ta kawo min hoton ciyawa." Aka yi ta dariya.

Wataƙila tana da hujjarta. A garinsu ba wanda ke neman izinin daji. Amma har yau abin na ci min rai. Wannan matar ba ta yarda a taɓa kaskon turarenta, amma tsoho mai rai a tsakiyar yashi, shi a tumɓuke, tunda ba ta ga mai shi ba.

Izinina bai salwanta ba, na gama karatuna. Har na bar gidan, Inna ba ta sake turara min kaya ba.