Ƙofar Motar Yaya Sodnom

Yayana Sodnom bai taɓa yarda da kowa ba, kuma ba da wasa nake ba. In ka miƙa masa shayi sai ya shinshina. In ka ce masa yau Talata, sai ya leƙa kalanda. Ko mai zai sha a mota, sai ya ɗiga a tafin hannu ya murza, wai ko an sirka da ruwa. Marigayiya matarsa Dolgor takan ce ranar da aka kai ta gidansa sai da ya dube ta sau biyu, ko an musanya masa ita a hanya.

Shekara ashirin da shida yana jan wata tsohuwar babbar mota koriya 'yar Rasha, yana kai fulawa da gishiri da itace ga makiyayan da ke kewaye da tafkinmu a nan arewacin Mongoliya. Da hunturu tafkin kan daskare ya zama titi, ƙanƙara ta yi kauri har ƙirjin mutum, kowa ya ratsa abinsa. Amma da bazara ta shigo, ƙanƙarar ta fara sakin jiki, sai Yaya ya zama abin da ba ya zaunuwa. Ba ya ɗaura bel a kan tafki, ba ya kunna rediyo, ba ya rufe ƙofa. Kowane ɗan nisa sai ya sauka da sandar ƙarfe ya ƙwanƙwasa ƙanƙara, ya karkata kunne kamar mai sayen tukunya. Direbobi suka raɗa masa Mai Sanda, in ya wuce su ce, "Mai Sanda, me ta ce maka yau?" Shi kuwa ya ce, "Ta ce in gaishe ku, tana nan tana jiranku."

Ni Yanjin ce, autarsu. Ni da maigidana muna kiwo a ƙetaren tafki. Shekarar da nake ba ku labari sanyi ya daɗe, ciyawar da muka tara ta ƙare ƙaƙaf, ga tumaki suna ta haihuwa. Uwa ba ta ci ba, ina za ta samo nono? Da safe sai in tarar da jariri biyu ko uku sun sandare a gefen iyayensu. Maigidana ya ce in aka ƙara kwana uku haka, to, garken ya tafi. Na bar shi da su, na hau doki na ratsa tafki zuwa gari. Na samu busasshiyar ciyawa dami sittin, saura wanda zai kai min.

Na tarar da Yaya a ƙarƙashin motarsa. Ko fitowa bai yi ba ya ce, "Ta hanyar tudu zan kai miki."

Na ce, "Haba Yaya! Hanyar tudu kwana huɗu ce a wannan taɓon. Ta tafki awa uku. Jiya-jiyan nan na ratso, ƙalau take."

"Da doki kika ratso. Doki ba mota ba ne."

"Galsan ma ya ce jiya ya ƙetare da lodi cike."

Galsan wani direba ne mai baki kamar ganga. Yaya ya jawo jikinsa ya fito, ya goge hannu, ya ce, "To me ya hana Galsan ɗin ya kai miki?"

"Ya ce motarsa ba lafiya."

"Af! Jiya ta ƙetare da lodi, yau ba lafiya. Zo mu je."

Ya ja ni har bakin tafki. Ga sawun taya nan biyu sun miƙe ɗoɗar har inda ido ya ƙare. Na nuna masa, ina jin na ci gari. Ya tsuguna ya shafa sawun da hannu, ya ce, "Duba da kyau. Sawun nan ya lotsa ne ko ya taso?"

Na duba. Ya taso, kamar kunya a gona.

Ya ce, "Inda taya ta danne dusar ƙanƙara, nan ne ke jinkirin narkewa. Gefe ya narke ya sauka, sawu ya tsaya a sama. Wannan ya fi sati uku. Sawun jiya rami ne. Galsan bai ƙetare ba, a wurin shan giya ya ƙetare da baki." Ya buga sandarsa sau uku. Ni ban ji komai ba sai ƙum, ƙum, amma na ga ya ɓata fuska.

A nan ne shaiɗan ya hau min kai. Ku sani, tun rasuwar Dolgor yake min maganar mu sayar da dabbobi mu dawo gari kusa da shi. To sai na haɗa biyu da biyu, zuciyata ta ba ni abin da ba shi ba. Na ce, "Na gane ka, Yaya. So kake tumakina su mutu, in dawo in zauna ina dafa maka shayi kana shinshinawa. Kai da ba ka yarda da kowa, yau ni ma ban yarda da kai ba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ki zo gobe kafin rana ta fito, lokacin sanyin safiya ya ɗan ɗaure ƙanƙarar."

Da na zo na tarar ya loda ciyawa, amma ya kwance duk igiyoyin da ake ɗaure kaya. Na ce a raina, ka ji mugu, so yake rabi ya zube a hanya. Sai kuma na ga ya sa sifana ya kwance ƙofar direba ɗungurungum, ya ɗaura mata doguwar igiya, ya ƙulla a sirdin dokina.

Na ce, "Wannan kuma wane irin wulaƙanci ne?"

Ya ce, "Ja ta kawai. Kuma ba za ki shiga motata ba. Ki biyo ni a baya, nesa, yadda in na yi ihu za ki ji da kyar."

Na ce lalle mutumin nan fushi yake, ko zama kusa da ni ba ya so. Duk da haka na ɗebi madara na yayyafa wa tayoyi kamar yadda mahaifiyarmu ke yi wa matafiyi. Ya hau, ƙafa ɗaya a waje, ya sa giya ta ɗaya.

Awa uku ta zama shida. Ya sauka ya ƙwanƙwasa ya fi sau arba'in. Ya kauce wa sawun Galsan, ya kauce wa duk inda ƙanƙara ta yi duhu, ya yi wani dogon zagaye don kada ya kusanci bakin kogi. Ni ina baya ƙofa na ta ƙarar-ƙarar a kan ƙanƙara, ina ta zaginsa a ciki. Rana ta ɗaga, ruwa ya fara kwanciya a sama. Har na hango hayaƙin tantinmu, har na fara shirya baƙar maganar da zan yaɓa masa: to Mai Sanda, ina nutsewar?

Sai na ji wani ƙara kamar an tsaga katako. Bayan motar ya zauna a hankali, gabanta ya ɗaga. Na ga Yaya ya yi tsalle ta inda babu ƙofa, ƙanƙarar da ya dira a kai ita ma ta ɓalle. Wayyo! Ban san sanda na diro daga doki ba.

"Tsaya nan! Kada ki matso!" Kansa kaɗai nake gani. "Ƙofar! Turo ƙofar!"

Na kwanta rub da ciki na tura ta da iya ƙarfina. Ta zame har gabansa. Ya kama, ya ɗora ƙirjinsa a kai, na ruga na ja linzami, doki ya jawo shi kamar buhu. Kafin mu waiga motar ta tafi, shekara ashirin da shida, sai kumfa. Ga dammunan ciyawa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya suna yawo a kan ruwa, tunda babu igiyar da za ta ja su ƙasa.

Maigidana da maƙwabta suka zo da ƙugiya a kan doguwar sanda. A kan ƙofar nan muka riƙa jan ciyawa zuwa gaɓa har yamma. Dami hamsin da ɗaya muka tsamo. Tumakina suka rayu.

A cikin tanti, Yaya na lulluɓe da fatun tumaki yana karkarwa, na miƙa masa shayi mai gishiri. Na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Yaya, ka san za ta nutse?"

Ya ce, "Ban sani ba. Na dai yi zargi."

"To me ya sa ka taho?"

Ya ce, "Ke kika ce ina so su mutu." Ya ɗaga kofin ya shanye, bai shinshina ba. Na fita bayan tanti na yi kukan da ban yi ba tun mutuwar mahaifiyarmu. Da ma an ce baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa wuyan ɗan'uwana ya yanka.

Bai sake mallakar mota ba. Yanzu duk bazara za ka gan shi a bakin tafki da sandarsa, yana tare direbobi yana nuna musu sawu, kuma babu mai tambayarsa me ta ce. Na roƙe shi ya ɗauki ƙofarsa, ya ce me zai rufe da ita? Ita ce yanzu ƙyauren shingen 'yan tumakina, koriya, da gilashinta a tsage. Kullum da safe ni ke buɗe ta, ba na barin kowa.