Ƙwayar Cutar da Ta So Cinye Aikin Ungozomarmu

Akwai wata damina da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita raina ba. Lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a yankinmu na Bodinga, ga rawar kai, ga son a san na yi karatu.

Matan da aka yi wa aikin haihuwa ne ɗinkinsu ya riƙa ruɓewa, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗebi mugunyar na shuka a farantin gwaji, ƙwayar cuta iri ɗaya ta tsiro. Aka ce a gwada ma'aikata, sai ga irinta a hancin babbar ungozomarmu, matar da ta karɓi haihuwar rabin garin. Nan take aka dakatar da ita, ana shirin sallamarta. Har a kasuwa ana cewa hannunta ba kyau.

Na iske ta tana haɗa kayanta. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, in dai ni ka cutar da matanga, gara in tahi."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na samu likita na ce masa, "Ranka ya daɗe, sunan ƙwayar kawai muka sani, ba mu san danginta ba. Mutane da yawa na yawo da irinta a hanci lafiya lau." Ya harare ni, amma ya ba ni dama.

Na fara da abin da muke da shi. Na jera ƙwayoyin magani a kan kowane faranti in ga wanda ke kashe ƙwayar cutar. Ta jikin matan duk ta bijire wa magunguna iri ɗaya, ta ungozoma kuwa ko gardama ba ta yi. Wannan bai isa hujja ba, don haka na aika ƙwayoyin cutar babban ɗakin gwaji a Sakkwato, inda ake yanka ƙwayar halittarsu a fito da zane kamar matakalar tsani.

Kafin sakamako ya dawo na tare a ɗakin masu jego ina kallo. Sai ga wata tsohuwa 'yar ƙauyen Horo Birni, mai jinyar jikarta, tana bin gado-gado da tawul da ruwan ɗumi tana gasa wa mata ciki.

"Inna, tawul ɗin nan fa?"

"Shi ɗai na, ɗiyata. Waɗanga ba su da kowa nan, haka munka saba yi ma juna."

Na roƙe ta shi cikin ladabi, na aika da shi shi ma. Da zanen ya iso, na matan da na tawul suka hau kan juna daidai, na ungozoma ya ware can gefe. Na shiga ofishin likita ina jin kaina kamar zai taɓa rufi.

Ba wanda ya tsawata wa Inna, an dai ba kowace mai jego nata tawul, ɗinki ya daina ruɓewa. Ranar da ungozoma ta dawo aiki ta riƙe hannuna a gaban kowa.

Tun daga lokacin na gane cewa a aikinmu kama ba hujja ba ce. Kafin ka ɗora wa mutum laifi, ka bi ƙwayar har gidansu, domin a bayan kowane faranti akwai mutuncin wani.