Kujeru Huɗu na Sufeto

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayi Sufeto a farkon daminar shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin hanyar jirgin ƙasa, a gidan haya na bayan tasha. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuma ɗinki take yi da keken hannu. Muƙamin da ya yi ritaya da shi ne ya haɗiye sunansa na yanka, har ta kai matarsa ma da Sufeto take kiransa. Ya shiga makarantar firamare a 1958, ya kammala a 1965, daga nan ya shekara uku a shagon mahaifinsa yana haɗa kujeru da bencina waɗanda bai taɓa samun sukunin zama a kansu ba.

Aikin soja

A watan Maris na 1968 ya shiga soja, bayan wata uku kuma aka tura rundunarsu fagen daga. A can ne abin da ya zame masa doka har ƙarshen rayuwarsa ya faru. Wata rana da tsakar rana suna cikin tafiya a daji, amininsa da suke raba gora ɗaya ta ruwa ya zauna a kan dutse don ya cire tsakuwa daga takalmi, ba tare da an ba da izinin hutawa ba. Runduna ta wuce, kowa yana zaton yana biye, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sufeto ya dawo daga yaƙi a 1970 da lambar yabo ɗaya, da tabo a cinya, da kuma yaƙinin cewa duk wanda ya zauna kafin a ce masa ya zauna, to ya kama hanyar halaka.

Aikin ɗan sanda da iyali

Ya koma aikin ɗan sanda a 1977, ya yi aure a shekarar da ta biyo, Allah kuma ya albarkace shi da 'ya'ya huɗu tsakanin 1979 da 1990, maza biyu, mata biyu. Ya yi aiki a ofisoshi bakwai, kuma abokan aikinsa sun shaida cewa wandonsa bai taɓa rasa karin guga ba, rahotonsa bai taɓa kwana a tebur ba. Na ƙasa da shi suna ce masa Sandar Tuta a bayan idonsa, domin ko shayi a tsaye yake sha.

A gida ma haka abin yake. Da an ji ƙarar kekensa a ƙofa, yara za su miƙe su jeru bisa tsarin haihuwa, ya duba farce da haƙori, ya shiga ɗaki ya ja zanen gado ya ga ko ya miƙe, kuma babu mai zama sai ya ba da izini. Sau da yawa gajiya takan sa ya manta, yara su yi ta tsayuwa har abinci ya huce.

“Sufeto, nan fa gida ne, ba bariki ba,” in ji matarsa wata rana.

“Da ransu nake son su, ko da a tsaye,” ya amsa mata.

Adalci shi ne a faɗa cewa bai taɓa ɗaga hannu ya doki ɗayansu ba, kuma dukansu sun yi karatu sun kama sana'a. Sai dai kowannensu, da fuka-fukinsa suka yi ƙwari, gari mai nisa ya zaɓa.

Ritaya

Ya ajiye aiki a watan Yuni na 2008, matarsa kuma ta rasu a 2011, gidan ya rage daga shi sai rediyo. A wannan shekarar ya zaro tsohon zarton mahaifinsa daga ƙasan akwati, ya sayo katako, ya kwashe wata biyar yana haɗa kujeru huɗu, ya jera su a baranda suna fuskantar tasa. Kullum da hantsi yakan goge su, in hadari ya taso ya shigar da su ɗaki ɗaya bayan ɗaya, yana ɗingishi.

'Ya'yan ba su yanke zumunci ba. Sukan zo sau biyu a shekara da kaya niƙi-niƙi, su gaishe shi cikin ladabi, su ba da rahoton lafiyar jikoki a tsaye, hannu a baya, bayan rabin awa su yi sallama. Zatonsu kujerun na baƙi ne. Maƙwabcinsa, wani tsohon tela mai shagon da ke kallon barandar, ya gaji da ganin haka.

“Haba Sufeto, ka ce musu su zauna mana. Kalma ɗaya ce fa, ba fareti ba.”

“In na faɗa ta zama oda,” in ji Sufeto. “So nake wani ya gaji ya zauna don kansa, kamar gidan ubansa.”

Shekara takwas ya yi yana wannan jira, kuma kaɗaici ya ci shi ƙwarai, ko da yake in an tambaye shi lafiya lau yake cewa.

Jinya da rasuwa

A ranar 9 ga Afrilu, 2019, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, aka kwantar da shi a asibiti. Washegari da la'asar 'ya'yan huɗu suka iso, suka jeru a gefen gado bisa tsarin haihuwa. Telan, wanda ke wurin, ya ba da labarin cewa Sufeto ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya motsa baki abu ya ƙi fita, sannan ya bubbuga gefen katifa sau uku da hannun hagu. Babban ɗan ya yi sauri ya sunkuya, ya ja zanen gadon ya miƙar, ya cusa bakin zanen ƙarƙashin katifa yadda aka koya masa, ya koma layi ya ce, “An gyara, Baba.” Sufeto ya juya fuska wajen bango. Abin tausayi ne, domin babu wanda ya yi laifi a cikinsu.

Allah ya yi masa rasuwa da safiyar 12 ga Afrilu yana da shekara sittin da bakwai, aka binne shi a ranar, kusa da kabarin matarsa. Ya bar babban ɗansa makanike, da malamar makaranta, da ƙaninsu direban jirgin ƙasa, da Auta ma'aikaciyar jinya, da jikoki goma sha ɗaya.

Kwana biyu suna karɓar gaisuwa a barandar, baƙi a kan kujeru, su a tsaye. A rana ta uku, da mutane suka watse, telan ya kife kujerun ya nuna musu ƙasansu, inda aka sassaƙa shekarar haihuwar kowane ɗaya daga cikin 'ya'yan da bakin ƙusa. Ta Auta an rage mata tsawon ƙafafu, domin ita gajera ce.

Suka daɗe a tsaye suna duban kujerarsa da babu kowa a kai. Daga bisani Auta ta mayar da tata daidai, ta zauna, ta fashe da kuka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.