Altine Mai Tsintar Ƙusa

Duk wanda ya yi sakandare tare da mu a Jega, in na ce "Ƙahwar wani ta!" ya san da wa nake. Marigayi Altine ke nan, ɗan Birnin Malam. Bawan Allahn nan bai taɓa wuce ƙusa ko fasasshiyar kwalba a hanya ba. Ko bisa keke yake, sai ya ja birki ya sauka ya tsince, ya jefa aljihu, yana cewa ƙafar wani ce ya ceta. In yana tafe kuwa, kacau-kacau kake ji kamar kurar 'yan gwangwan.

Kullum a makare yake zuwa. Wata safiya Malam Bulus, malaminmu na kimiyya, mutumin Zuru, ya tare shi bakin ƙofa da bulala.

"Altine, yau kuma me ya faru?"

"Malam, taya ta hwashe."

"Me ya fasa ta?"

"Ƙusa."

"Kai da ke tsince ƙusoshin duniya?"

"Ai tawa ta, Malam. Aljihu na ya huje. Amma alhamdu lillahi na sake tsince ta."

Malam ya yi dariya har bulala ta faɗi. Maimakon duka, sai ya sa shi cikin ƙungiyar aikin gayya da yake jagoranta duk Asabar. Wayyo, da ya san abin da ya jawo wa kansa! Mu dai riga da lemo suka kai mu. Altine kuwa tun da asuba yake buga wa Malam ƙofa, har matarsa ta riƙa ce masa, "Tashi, maigidanka ya iso."

Kun tuna ranar da muke yashe magudanar ruwa ta bakin kasuwa, gab da damina? Wani babban mutum na gwamnati ya tsaya da mota, babbar riga fara sol, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya karɓi shebur ɗin Altine, ya ɗan duƙa, aka ƙyasta. Ya miƙo masa abinsa. Altine ya mai da hannuwa baya.

"Ranka shi daɗe, shebur wanga in ya shiga hannu, ba shi hita sai baro ya cika."

'Yan kasuwa suka zagaye, ana ta "Sai Alhaji!" Ina mafita? Haka ya naɗe riga ya cika baro da baƙin taɓo, gumi na tsiyaya. Da ya gama, Altine ya leƙa ciki ya ce, "Da saura kaɗan, amma mun yahe." Malam Bulus ya yi sati yana jiran takardar canjin wurin aiki.

Sai kuma karayarsa. Muna cike wani rami a hanyar Maiyama, ɗan kabu-kabu ya kwaso gudu ya ɗebe shi. Hannu ya karye, muna ta salati, shi kuwa yana kwance yana ce wa mai babur, "Ka gani ko? Ramin ga na nike hwaɗi!" Aka kai shi Aliero wurin masu ɗori. Da muka je dubiya, muka tarar ya tsara majinyata: mai karayar ƙafa na zaune yana ɗaure tsintsiya, mai karayar hannu na shara da ɗayan. Tsohon da ya yi masa ɗorin ya ja babansa gefe.

"Don Allah ku tahi da shi, shi yi jinya gida. In ya ƙara kwana nan, guragu za shi sa su yi man yaɓe."

To, jama'a, dariyar a nan ta tsaya. Daminar da muka gama jarrabawar fita, ruwa ya ci ƙauyukan wajen Kimba, amai da gudawa suka biyo baya. Makaranta ta tashi, ƙungiya ta watse, kowa ya kama gabansa. Ni ina Maiyama gonar kawuna. Altine shi kaɗai ya tafi, ba wanda ya aike shi. Yana ɗauko marasa lafiya, yana ɗebo ruwa, yana wanke abin da dangi ma ke ƙyama. Malam Bulus ya bi shi har can ya ce ya dawo ya huta, Altine ya ce sai an samu sauƙi. Cutar ta kama shi, kwana kaɗan ya cika. Ko sakamakon jarrabawarsa bai gani ba. Ni ban samu jana'iza ba, labarin ya iske ni an riga an rufe shi. Da ma mun sha cewa in an yi hutu za mu haɗa masa walima mu gode masa a gaban mutane. Kullum muna cewa akwai lokaci.

Da muka je gaisuwa, Inna, mahaifiyarsa, ta nuna mana kwanoni jere a tsakar ɗakinta.

"Kun ga ɗakin ga? Shekara da shekaru shina yoyo. In na yi magana sai shi ce, Inna, naki na gida na, bari a gama na mutane. Bana ya ce da kaka in an sai da albasa."

Muka haɗu muka sake mata rufi, Malam Bulus da kansa ya hau sama. Damina ta zagayo na koma duba ta, na tambaye ta ko rufin ya yi.

"Ya yi, ɗana, ko ɗigo babu." Ta share ido da bakin mayafi. "Sai dai yanzu in ana ruwa, ban da wanda nika yi ma hwaɗa."

Allah Ya jiƙan Altine, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa. Ya ba Inna haƙurin da mu ba mu iya ba ta. Amin.