Fatihar da Yaya Sale ya bari a Norway

Duk unguwar Hindawiyya ta Makka ba a yi jagoran alhazai kamar yayana Sale ba. Ko dutse ya nuna maka, sai ya ba ka tarihinsa har ka yi hawaye.

Yau jikata ta turo min hoto daga Norway, sai na tuna shekarun 1950, lokacin da ni da shi muka kama aikin jirgin kaya a Jidda bayan Hajji. Jirgin ya kai mu wani gari a Norway da teku ta kutsa tsakanin duwatsu kamar lungu.

Wani abokin aikinmu ɗan garin, mai guntun Larabci, ya zaga da mu. Ya nuna mana ƙaton tudu, ya ce kabarin wani babbansu ne, Viking.

Yaya na jin "kabari" ya tuɓe takalmi, ya zuba Fatiha da muryar nan ta sa alhazai kuka. Ni ina amin.

Da ya shafa ya ce, "Wane shehi ne?"

Abokin namu ya ce, "Shehi? Ɗan fashin teku ne. Garuruwa yake ƙonawa."

Na ce, "Yaya, ko za ka karɓo abarka?"

Ya damƙe min riga. "Wallahi Bala, in maganar nan ta isa Makka, ko akuya ba za ta ƙara bi na ziyara ba."

Na kama bakina. Ya yi jagorancinsa har tsufa, da mutuncinsa. Allah Ya jiƙan Yaya, yau dai na fasa ƙwai.

To malamai, Fatihar nan wa ta samu?