Yadda Gwaggo Uwani Ta Nemo Sunan Jinjiri

Gwaggo Uwani ba ta taɓa zama a aji ba, amma shekara ashirin da biyu ke nan tana zuwa makarantarmu ta firamare a Batsari, kuma ba ta taɓa makara ba, abin da ni malamar aji biyar ba zan iya rantsuwa a kansa ba. Wurinta gindin dalbejiyar bakin ƙofa ne. Nan take kafa murhu da kasko tana soya awara, tana yanka ta fale-fale, har in ka ɗaga ɗaya sai ka hango mai wucewa ta cikinta. In ka yi ƙorafi ta ce yaro in ya ƙoshi barci yake yi a aji, saboda haka mu malamai take taimako.

A Tsaskiya aka haife ta, aka kawo ta Batsari gidan wani mai gyaran keke, Allah Ya ji ƙansa. Ta haifi tara, shida suka rayu. Ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, amma akwai fannin da babu mai ja da ita a kansa, wato sunayen mutane. Ba a yin taron suna tsakanin Batsari da Safana ba ta je ba, da gayyata ko babu. Ta san sunan yankan kowa, ta san wanda aka yi wa takwara. Kun dai san halinmu, yaro in ya ci sunan kakansa, uwa da uba ba sa iya faɗa don kunya, sai a laƙaba masa wani, ya yi ta amsawa har ya yi furfura. Ita kanta Uwani ba sunanta ba ne. Na taɓa tambayarta na gaskiyar, ta ce in je in tambayi ragon da aka yanka.

Da wannan ilimi take raba faɗa. Yara biyu za su kaure a bakin kaskonta, ba ta ko ɗago kai daga suya sai ka ji ta ce, "Kai Haisam, wa kake zagi? Wanga mai sunan kakanka ne. Ce mashi Baba, ka ba shi haƙuri." Sai ka ga jikin yaro ya yi sanyi. Abin ya yi yawa har hedimasta, Malam Armaya'u, ya kai mata ƙara da kansa, don wata rana monitan aji uku ya kawo masa takardar masu surutu an rubuta Baba, Baba, Inna, Baba ƙarami. Ta saurare shi tsaf, sannan ta tambaye shi yaushe rabon da a fasa wa wani kai a aji ukun. Ya sayi awara ya koma ofis.

Bara, a zango na biyu, aka kawo mana wata yarinya. Iyayenta sun taso daga wani ƙauye can bayan Karare lokacin da zama ya gagara, suka samu wani kango a bakin gari suka raɓa. Da mahaifinta, Malam Sadisu, ya zo sa ta makaranta, hedimasta ya tambayi sunanta. Bawan Allah ya dubi ƙasa, ya gyara hula, ya ce a gida dai Jinjiri ake ce mata. Sunan mahaifiyarsa ta ci, bakinsa ba zai iya ba. Hedimasta shi ma ɗan gida ne, ya gane, bai matsa ba. Haka doguwar yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta shiga rajistata da sunan Jinjiri Sadisu.

Ajina akwai Firdausi, ita ce monita, ita ce ta ɗaya a jarrabawa, kuma bakinta ya fi nawa kaifi. Tun ranar farko ta samu abin yi. In Jinjiri ta shigo sai a fara kukan jarirai daga bencin baya. In ta kasa amsa tambaya sai a ce a yi mata uzuri, ba a yaye ta ba. Yarinyar ba ta ramawa, sai dai ta ja hijabinta ta rufe rabin fuska. Ranar da abin ya kai maƙura, Firdausi ta shimfiɗa leda a wurin zamanta, wai kada jinjiri ta jiƙa musu benci. Aji ya kwashe da dariya. Washegari ba ta zo ba. Mako ya wuce, na biyu ya shiga, sai uwarta ta aiko cewa yarinya ta ce ita da makaranta har abada, kuma ubanta ya ce a ƙyale ta, abin da ta gani a ƙauye ma ya ishe ta.

Na yi abin da na iya. Na zane Firdausi, na sauke ta daga monita, na yi wa aji wa'azin rabin awa. Dama na taɓa zuwa bita Katsina a kan irin wannan, na dawo da manyan takardu masu hoton yara suna riƙe da hannun juna, na manna a bango, awaki suka cinye na ƙasa. Duk wannan bai dawo da Jinjiri ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don na san yarinya irinta in ta bar aji a wannan shekarun, ta bar shi ke nan.

Ranar Talata muka zo babu hayaƙi a gindin dalbejiya. Har hedimasta ya aika a dubo ko lafiya. Ashe Gwaggo Uwani kangon su Jinjiri ta tafi neman suna. Uwar ta ce ita ba ta faɗin sunan surukarta. Uban ya tashi ya bar wurin. Yarinyar ta ƙi fitowa daga ɗaki. Sai da Gwaggo Uwani ta bi sawu har wajen wata tsohuwa 'yar ƙauyensu, suka yi gaisuwa ta kusan awa ɗaya, suka lissafa matattu da rayayyu, kafin ta samo abin da ta je nema.

Laraba da aka fita hutun tara ta aiko a kira ni, ni da Firdausi. Ita Firdausi marainiya ce, uwarta Lami ta rasu tana goye, a hannun ƙanwar babanta ta tashi.

"Ɗiyata, kin san sunan uwarki?" in ji Gwaggo Uwani.

Firdausi ta sunkuyar da kai. "An ce mani ranar Alhamis aka haife ta, sunan ranar ake kiranta da shi."

"To wannan rana ce, ba suna ba. Ni na je sunanta a Safana, har tuwon na tuƙa, ko da yake ba a sa ni ba. Zuwairatu aka raɗa mata." Ta juya awara, ta bari mai ya gama ƙara. "Ita ma ɗiyar ga da kika shimfiɗa ma leda, Zuwairatu ce."

Gaskiya na zargi tsohuwar da ƙari, don na san in takwara ta yi wuyar samu takan ɗan ja zare. Da aka tashi na bi ta gidan su Firdausi na tambayi gwaggonta. Matar ta ce haka ne, su ma sun kwana biyu ba su tuna ba.

A gaban kaskon dai Firdausi ta tsaya tana murza bakin hijabi, ita da ba a taɓa rufe mata baki ba. Gwaggo Uwani ba ta yi mata faɗa ba, ba ta ce ta je ko'ina ba. Ta dai ce mu matsa, muna tare mata masu saye.

Litinin da safe Firdausi ta je kangon. Ta yi sallama ta ce Inna ta fito su tafi makaranta. Uwar Jinjiri ta leƙo da muciya a hannu, ta ce ita da makaranta a wannan shekarun? Firdausi ta ce ba ita ba, ƙaramar. Ƙaramar ta ƙi fitowa, kuma ban ga laifinta ba. Talata ma haka. Firdausi ta yi makara kwana biyu a jere, na yi kamar ban gani ba. Ranar Laraba sai ga su sun shigo, Jinjiri a gaba tana ɗari-ɗari, Firdausi a baya da jaka biyu, tana raba wa 'yan bencin baya harara tun kafin su yi laifi.

Dama na riga na sa hedimasta ya gyara rajista. Na fara kiran suna, ana amsawa da ƙyar kamar kullum, har na zo kanta.

"Zuwairatu Sadisu."

Aji ya shiga waige-waigen ko baƙuwa aka kawo. Can yarinyar ta sauke hijabin daga fuskarta ta ce, "Na'am, Malama."

Zan wuce na gaba sai na ga hannun Firdausi a sama. Na ce mene ne kuma. Idonta ya cika, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Malama, don Allah ki ƙara kira. Ban taɓa jin an kira sunan ga an amsa ba."

Na ƙara kira, ta ƙara amsawa.